Baƙon Dauro da Lissafin da Muke Yi Masa

Da zarar hunturu ya tattara komatsansa, rana ta fara cizo tun da hantsi, sai hirar matan unguwarmu ta sauya. A gidan suna, a wajen niƙa, a bakin famfo ko ta kan katanga, zancen ɗaya ne: "Kin ji baƙo ya sauka a gidan su wance?" Ba mai tambayar wane baƙo. Kowa ta san ƙyanda ake nufi, sai dai ba mu cika son kama sunanta ba. Mukan ce baƙon dauro, mu bi da "Allah ya sa ya tafi salin alin," kowace ta jawo ɗanta jikinta.

Muna da tsarin karɓar wannan baƙo, tsarin da muka gada kaka da kakanni. A shigar da yaro ƙuryar ɗaki, a rufe taga, a saki labule, kada iska ta taɓa shi. A ɗauke masa wanka. A hana shi nama da ƙwai da duk wani abu mai maiƙo, a bar shi da koko tsararo. A zuba garwashi a kasko, a barbaɗa tazargade ko habbatus sauda, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. A aika soron Malam a karɓo rubutu. Daga nan sai zaman jira, ana ɗaga rigar yaro ana duba baya da ciki, domin babban abin da ake fata shi ne ƙurajen su feso gaba ɗaya. In sun feso a yi ajiyar zuciya. In sun yi nawa hankali ya tashi, a ce ta shige ciki.

Doka mafi girma kuwa, wadda kowace goggo a lungunmu za ta faɗa miki ba tare da ta yi tunani ba, ita ce ba a haɗa baƙon dauro da allura. "Ke yarinya, kul! Allura kore shi take ya koma ciki. In ya koma ciki kuma sai dai wani ba wannan ba." A kan yaron da ya riga ya kwanta aka kafa wannan dokar, amma ba ta tsaya nan ba. Ta miƙe ta haɗa har da yaro mai lafiya da ake so a yi wa rigakafi. Dalilin da ake bayarwa shi ne wai kowane ɗan Adam da ƙyandarsa ake haifarsa, tana kwance a jiki, dole wata rana ta fito, fitarta ma wanke yaro take yi. Wanda ya toshe mata hanya da allura, in ji su, bai kore ta ba, ajiye ta ya yi, za ta ɓullo masa ta wata ƙofar da ta fi muni. Da wannan tunanin, uwa mai ƙin rigakafi gani take kare ɗanta take yi. Ina so a riƙe wannan, domin masu zuwa daga waje da farar riga sukan ɗauka rashin kula ne. Matar da ta kwana uku ba ta runtsa ba tana fifita yaro, ba za a ce ba ta kula ba.

Mu dai mun raba cututtuka gida-gida. Akwai na asibiti: karaya mai tsanani, haihuwar da ta gardama, abin da ke buƙatar ƙarin jini. Akwai na gida: basir, shawara, sanyi. Sai kuma waɗanda muka ce da hannun mutanen ɓoye a ciki, ko sammu, ko baki, ko maita. Shan inna tun daga sunanta ta faɗa wannan rukunin, an ce Inna ce ta shanye ƙafar. Ƙyanda tana tsakanin na biyu da na uku, tana zuwa da lokacinta, ta bi gida-gida kamar mai aike, ta ɗauki wannan ta bar wancan, shi ya sa ake lallaɓa ta, ba a yi mata garaje. Duk cutar da muka ajiye a rukuni na ukun nan, mun riga mun yanke cewa likita ba shi da ta cewa a kanta.

A da 'yan bori da bokaye ne ke riƙe da wannan fage. Yanzu galibinmu mun bar zuwa can, mun san haramun ne, amma kujerar ba ta zauna babu kowa ba. Masu shagunan maganin Musulunci sun cika gari, ga masu ruƙiyya, ga masu mota da lasifika a bakin kasuwa, ga saƙon murya da ake turowa a WhatsApp wanda ba a san mai shi ba sai dai ya fara da sallama da salati. A cikinsu akwai masu tsoron Allah, waɗanda in ka kai musu yaro mai zazzaɓi za su yi masa tofi su ce maza a wuce asibiti. Akwai kuma wanda zai kalli jaririn da ke numfashi da ƙyar ya ce shafar aljani ce, ya haɗa miki zuma da man zaitun da turare, ya ƙara da cewa maganin Bature yana ɓata aikin ayoyi. Ni ba ni da faɗa da addu'a. Ina tofa wa 'ya'yana Falaƙi da Nasi kowane dare, haka aka yi mini, haka nake fata su yi wa nasu. Faɗana da mutumin da zai ce wa uwa ta zaɓi ɗaya, ko ayar Allah ko allura, alhali ribar kwalbarsa ce a ransa.

Ita ƙyandar fa ba ɓoyayyen abu ba ce, kuma ba Turawa suka fara gane ta ba. Sama da shekara dubu da suka wuce, likitan nan Musulmi Abubakar ar-Razi, wanda ya yi aiki a Rayyu da Bagadaza, ya rubuta littafi sukutum yana bambance ta da agana, yana bayyana alamominta ɗaya bayan ɗaya. A 1954 aka ware ƙwayar cutar a Amurka, a 1963 aka fitar da allurarta. Ƙwayar a iska take tafiya. Mai ita ya yi tari ko atishawa a ɗaki ya fita, tana iya zama a ɗakin har awa biyu. In mutum goma da ba su da kariya suka zauna da shi, wajen tara za su ɗauka. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yaro yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, lokacin da muke cewa mura ce kawai da jan ido, muna goya shi zuwa gidan biki, muna tura shi Islamiyya, yana kwana a tabarma ɗaya da ƙannensa. Kafin a ce baƙo ya sauka, ya riga ya zaga lungu. Zuwansa da rani ma da dalilinsa: an gama aikin gona, 'yan ci-rani sun cika birane, ɗakuna sun cunkushe, bukukuwa sun yawaita. Masu bincike sun ga haka ƙarara a Yamai, inda cutar ke tashi da rani ta lafa da saukar damina in mutane sun koma gona.

Ƙurajen da muka zuba wa ido su ne mafi sauƙin abin da ke cikinta. Ɓarnar tana ƙirji, inda take buɗe wa ciwon haƙarƙari ƙofa, shi ne kuma ya fi kashe yaran. Tana hanji, ta kawo gudawar da ke tsotse yaro. Tana baki, ta feso gyambo har ya kasa kama nono. Tana kunne, ta bar shi da ɗiyan ruwa ko kurumta. Jefi-jefi, kamar yaro ɗaya cikin dubu, ta hau ƙwaƙwalwa. Tana kuma cinye bitamin A na jiki, wanda shi ke riƙe da lafiyar ido, shi ya sa ido ke bushewa, hakiya ta fito, wani ya makance har abada. Yanzu ku dubi tsarin namu da idon basira. Yaron da ƙirjinsa ya cushe mun rufe shi da hayaƙi. Wanda jikinsa ke neman abinci mun hana shi ƙwai da nama. Idon da ke neman miki mun ɗura masa kwalli ko ruwan wani ganye. A asibiti kuwa, ɗan ƙwanson nan ja ko shuɗi na bitamin A da ake yanke wa baki a matse wa yaro, yau ɗaya gobe ɗaya, yana rage mutuwa yana tsare ido, kuma ko allura ba shi ba ne.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke lissafi. Yawancin yaran da suka yi ƙyanda suna tashi, da magani ko babu. Yaro ya tashi, fata ta saɓule ta yi sabuwa, sai a ce tazargade ta yi aiki, rubutun Malam ya ci, Goggo ta ƙara samun hujjar da za ta kafa wa amaryar gaba. To, bayan wata ɗaya ko biyu fa? Yaron nan bai koma yadda yake ba. Ya rame, gashi ya yi ja ya yi laushi, yau zawo gobe tari, ƙafa ta fara kumbura. Wata rana da asuba a ji salati daga gidan. A zaman makoki ba za ki ji an ambaci ƙyanda ba, ai ta daɗe da tafiya, an ma yi sadakar tafiyarta. Abin da za ki ji a ƙasa-ƙasa shi ne, "Yaron nan tun ranar da wance ta ɗauke shi ta ce ya yi ƙiba bai sake lafiya ba." Ko a ce kurwarsa aka kama. Ko a kalli ɗakin kishiya. Sau nawa aka ɓata zumunci a kan haka? Tsohuwa nawa aka daina gaisarwa, yara na gudu in sun hango ta, an laƙa mata maita, alhali baƙon da muka karrama ne ya yi aika-aikar ya wuce?

Wannan ba zato ba ne. Ƙyanda tana shafe wa jiki abin da ya riga ya koya na yaƙi da wasu cututtuka. A ƙasar Holan akwai wasu Kiristoci masu tsananin riƙo da ba sa yi wa 'ya'yansu rigakafi saboda aƙida. Da cutar ta ɓarke a cikinsu a 2013, masana suka ɗebi jinin yara 77 kafin su kamu da bayan sun warke. Sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna cutar ta goge musu tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na garkuwar da suka tara. Waɗannan yara ne masu ƙoshi, a ƙasar da asibiti ke bayan gida. Ina ga namu, da tamowa ke laɓe a bakin ƙofa, zazzaɓin sauro na jiran damina? Yaro ya tsallake ƙyanda, amma ta bar shi tsirara a gaban duk cutar da ta biyo baya, kuma sunan waccan cutar ko sunan wata baiwar Allah za a kira.

Allura kuwa ba ta samun wannan sassaucin a wurinmu. In an yi wa yaro, bayan mako guda ko fiye wani yakan yi ɗan zazzaɓi, wani ma 'yan ƙuraje su fito su baje cikin kwana biyu. Jiki ne ke koyon abokin gaba. Amma kafin la'asar labari ya kai ƙarshen layi: "Ga shi nan, lafiyarsa ƙalau suka je suka tsokano masa." Yara ɗari da aka yi wa allura suka wuce rani ba ko ciwon kai, ba mai zancensu a wajen niƙa, don ba a hira a kan abin da bai faru ba. Haka muke tafiya, alherin allura ba ya shiga littafinmu, laifin ƙyanda kuma a rubuta shi da sunan wani.

Sai dai in an zo maganar tsoro, dole a yi mana adalci, musamman mu mutanen Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, a gwajin da ya haɗa yara wajen 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Shi ya sa a 2003, da aka ce ɗigon shan inna na ɗauke da maganin hana haihuwa, maganar ta samu wurin zama, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da shi kusan shekara guda. Ga kuma tambayar da har yau ba ta mutu ba a majalisar maza: "In ɗana na zazzaɓi ko farasitamol sai na saya, me ya sa wannan ake biyo ni da shi har gida kyauta?" Tambaya ce mai nauyi, kuma masu mulki ne ya kamata su ji kunyarta.

Amma labarin bai tsaya a 2003 ba, mu ne muke tsayar da shi a can. A watan Yulin 2004 Kano ta dawo da ɗigon bayan an samo shi daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, kuma a wannan shekarar aka ɗiga wa 'yar gwamnan kanta a bainar jama'a. Kafin nan cutar ta riga ta tsallaka ƙasashe da dama da suka rabu da ita. Marigayi Sarki Ado Bayero da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da sauran sarakuna suka sa baki, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gida-gida. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, galibinsu mata, 'ya'yan talakawa irinmu masu neman na cefane. A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. 'Yan matan da aka ɗiga wa a 2004 kuwa, waɗanda aka ce ba za su haihu ba, ku leƙa gidajen suna ku gani, su ne masu jegon yanzu.

Wani ruɗanin ma daga nan ya samo asali. Shekara da shekaru ana ƙwanƙwasa mana ƙofa da ɗigo, har muka ɗauka duk rigakafi shi ke nan. Ki tambayi uwa ko an yi wa ɗanta ta ƙyanda, ta ce, "Ai ba zuwan da ba a ɗiga masa ba, dubi ɗan yatsansa da shuni." Ɗigo na shan inna ne. Ta ƙyanda allura ce a damtse, ana yin ta farko in yaro ya cika wata tara, ta biyu a wata goma sha biyar. Ta farkon ita kaɗai tana kare kamar yara 85 cikin 100, shi ya sa aka ƙara ta biyu don ta kamo waɗanda ta farko ba ta kama ba. Kuma saboda saurin yaɗuwar cutar, sai an yi wa 95 cikin 100 kafin unguwa ta samu lafiya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 54 cikin 100 kacal na yaran Najeriya aka yi wa, mu nan arewa maso yamma kuma muna ƙasa da haka.

In duk waɗannan hujjoji sun ƙare, sai a koma mafaka ta ƙarshe: "Allah ke tsarewa. Abin da ya rubuto ba allurar da za ta hana." Gaskiya ne, ba Musulmin da zai yi musu. Amma mai faɗin haka da kansa yake kulle shagonsa da kwaɗo biyu, ya kafa wa 'ya'yansa gidan sauro, ya yi wa gonarsa feshi. Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya nuna masa kamar gudun ƙaddara ne, ya fahimtar da shi cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Shaihu Abdul'aziz bin Baz, wanda ya yi muftin Saudiyya har rasuwarsa a 1999, an tambaye shi hukuncin yin magani kafin cuta ta sauka, ya ce babu laifi, ya kafa hujja da hadisin cin dabinon ajwa bakwai da safe don kariya. Sannan kowace shekara alhazanmu na miƙa damtse a sansanin alhazai a yi musu ta sanƙarau da ta shawara, don Saudiyya ba ta karɓar baƙo sai da katin. Ban taɓa jin wanda ya fasa Makka saboda allura ba. Alhajin da ya yi layi aka tsira masa don ya ga Ka'aba, shi ne zai dawo ya ce ba mai taɓa masa jika.

Abin mamaki ma, mu da muke jayayya da rigakafi, ba wanda ya kai mu yarda da tsari. Jariri bai yi arba'in ba an ɗaura masa laya a wuya, an sa masa kambu, an ajiye wuƙa a ƙarƙashin matashinsa, an yi masa tofi kafin a fita da shi. Duk kafin wani abu ya same shi ake yi. Tunanin a tare cuta tun ba ta zo ba namu ne tun fil azal. Kuma Goggon da ke cewa kul, in ta zame mayafi za ki ga tabon lamba a damtsenta. Na agana ne, cutar da ta fi ƙyanda ban tsoro, wadda ita ma aka ce ta iskoki ce, aka riƙa killace masu ita a bayan gari. Tun daga 1967 ma'aikata suka bi ƙasashen Afirka ta Yamma ƙauye-ƙauye da wata na'ura mai kama da bindiga, suna yin ta agana haɗe da ta ƙyanda. A 1980 aka shelanta agana ta ƙare a duniya. Yau yaranmu ko sunanta ba su sani ba, sai dai su ga tsoho mai zanzana a fuska su tambaya.

Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai ne, ko abin na Musulunci ne. A Zimbabuwe a 2022 ƙyanda ta kashe yara sama da 700 cikin 'yan watanni, ta faro daga yankin Manikaland, mafi yawansu 'ya'yan mabiya wasu coci-coci ne da suka hana zuwa asibiti suka dogara da addu'a da ruwan da aka yi wa albarka. A can ma an samu matan da suka riƙa satar jiki suna kai yara allura a ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar ta kashe mutum 107,500 a 2023, galibi 'yan ƙasa da shekara biyar. Kafin allura ta wadata, wajen miliyan biyu da dubu ɗari shida take ɗauka duk shekara.

Zancen satar jiki kuwa, mu ma mun san shi. Yarinya mai haihuwar fari, ta je awo an yi mata bayani, ta yarda har zuciyarta. Ta dawo ta ce, "Baban Ummi, gobe ne allurar wata tara." Ya ce, "Bari in ji ta bakin Hajiya." Hajiya, uwar mijin, ta ce, "Mu da muka haifi goma muka raina, wace allura muka yi?" Ba mai ƙarfin halin tambayar Hajiya cikin goman nawa suka rayu, don rashin kunya ne, kuma tsokano mata ciwon da ta binne ne. Magana ta mutu a nan. Wata ta haƙura. Wata ta ce za ta gidansu gaida Inna, ta ratse sha-ka-tafi, ta ɓoye katin a ƙasan adaka, in yaro ya yi zazzaɓi ta kwana da fargabar kada a gane. Duk wayar da kan da ake yi a kan wannan yarinyar yake ƙarewa, ita da ba ita ke yanke hukunci ba.

In ma an samu izinin, wani lokacin asibitin ke korar mutum. Kwalbar allurar ta yara goma ce, in an haɗa ta kuma sai a zubar da ragowar bayan awa shida, don haka wata malamar ba ta son buɗewa saboda yaro biyu ko uku, sai ta ce a dawo wani makon. Matar da ta roƙi izini da ƙyar, ta biya kuɗin adaidaita, ta bar girki, an kuma harare ta don ta makara da wata biyu, da wuya ta dawo. Mai maganin gargajiya kuwa zai shimfiɗa mata tabarma, ya tambayi sunan yaron, ya saurare ta har ta gama, ya yi masa addu'a. Ko ba komai ya fi iya karɓar mutane, kuma wannan ma yana cikin abin da ke kai mu wurinsa.

Wanda nake tausayi fiye da kowa shi ne jaririn da bai kai wata tara ba. Kariyar da ya samo daga uwa tana raguwa, lokacin allurarsa bai yi ba, ba abin da ya rage masa sai yaran maƙwabta. In an yi musu, cutar ba ta da hanyar isowa gare shi. In ba a yi ba, yayarsa ce za ta kwaso ta daga makaranta ta kawo masa har kan gadon uwarsa. Saboda haka mai cewa "ɗana ne, ba ruwan kowa" bai duba da kyau ba, a lungun da yara ke cin tuwo a kwano ɗaya.

Ni a ganina bakin da za a ji a wannan magana yana cikin unguwa. Ungozomar da ta yanke cibiya, wanzamin da ya yi aski, mai unguwa, da uwa uba liman. Ranar suna da asuba maza sun cika ƙofar gida, uban jariri na nan, kakansa na nan, an raba goro da dabino, kowa ya yi shiru yana jiran a raɗa suna. Allah gafarta Malam, in an shafa fatiha, me zai hana a ƙara jimla biyu? A ce wa uban a gaban iyayensa, wannan yaro amana ne, in ya cika wata tara a kai shi allurar ƙyanda, a wata goma sha biyar a koma. A ƙirga masa da watannin da ya sani: wanda aka haifa a Muharram, tasa ta farko bayan ƙaramar sallah ce, ta biyu kuma bayan an sha Takutaha ta shekara mai zuwa. In Hajiya ta ji daga bakin ɗanta cewa Liman ne ya faɗa a gaban jama'a, da kanta za ta ce a ɗauko mata mayafi ta raka su.